Idan ƙaramar hukuma ta janye kuɗinta, ina makomar dabbobin da irinsu ya kusa ƙarewa?

Tambaya: Ina zaune a arewacin Ingila, kuma akwai wata gona mallakar hukumar birni da ake kai yara kallon tsofaffin nau'o'in shanu da tumaki da awaki. Yanzu da ƙananan hukumomi ke tsuke bakin aljihu, shin waɗannan dabbobi za su ɓace idan aka rufe irin waɗannan gonaki?

Amsa: Malam, fargabarka tana da tushe, sai dai rufe gona ɗaya ba ya kashe iri, muddin irin yana warwatse a hannuwa da yawa. Abin tsoro shi ne inda garke guda a wuri guda ya zama shi ne kusan dukkan abin da ya rage, kuma akwai nau'o'in da suka taɓa shiga wannan hali.

Tsakanin 1900 da 1973 Birtaniya ta rasa nau'o'in dabbobin gida 26, saboda manoma sun koma ga 'yan nau'o'in da suka fi yawan madara ko saurin ƙiba. Wani manomi mai suna Joe Henson ya buɗe gonar Cotswold Farm Park ga masu ziyara a 1971, sannan a 1973 aka kafa ƙungiyar Rare Breeds Survival Trust mai kare nau'o'in dabbobin gida da suka yi ƙaranci, shi ne kuma shugabanta na farko. Tun daga lokacin babu wani nau'in dabbar gida na asalin ƙasar da ya ƙare. Ƙungiyar tana fitar da jerin nau'o'in da ke cikin haɗari kowace shekara, tana kuma tantance gonakin ziyara da ta amince da kiwonsu, wasunsu na 'yan kasuwa, wasu na ƙungiyoyin agaji, wasu kuma na ƙananan hukumomi.

Matsalar gonakin hukuma ta doka ce kafin ta zama ta kiwo. Doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma a Ingila kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da yara marasa galihu, amma ba ta wajabta mata riƙe gona ba. Saboda haka duk ranar da kasafi ya gaza, kamar yadda ya faru da hukumar birnin Birmingham a Satumban 2023 lokacin da ta bayyana cewa ba za ta iya daidaita kuɗin shigarta da na kashewa ba, abubuwan da ba dole ba ne ake fara dubawa. Dabba kuwa ba ta san kasafi ba: ciyawa, da kuɗin likita, da albashin mai kiwo, ba sa jiran sabuwar shekarar kuɗi.

Shanun Vaynol su ne misalin da ya fi fito da lamarin fili. Farare ne galibinsu, masu baƙin kunne da baƙin hanci, an kafa garkensu a wani gandu da ke arewacin Wales a 1872, suka zauna can kusan kamar na daji har zuwa 1980 da mai gandun ya rasu. Bayan sun yi ta sauya wuri, sai suka samu matsuguni a gonar Temple Newsam da ke ƙarƙashin hukumar birnin Leeds, kuma shekaru da dama wannan garke shi ne kaɗai a duniya. Aikin da ake yi a irin wannan wuri ba ya bayyana ga mai ziyara. Yaro yana ganin ɗan maraƙi yana tsotso, amma a ofis akwai littafin da ke nuna uban kowace karsana da kakanta, kuma da shi ake zaɓar bijimin da za a sakar mata domin kada jini ya yi kusa har 'ya'ya su riƙa zuwa da rauni ko rashin haihuwa. Idan aka yi gwanjon garke irin wannan ba tare da littafinsa ba, ko aka sallami ma'aikacin da ya san halin kowace saniya, to ko da dabbobin suna raye an yi asarar rabin aikin. Wannan ne ya sa aka ɗebi wasu daga cikin shanun aka kafa ƙananan garkuna a wasu wurare.

Cuta ma dalili ce ta rarrabawa. A annobar ciwon baki da kofato ta 2001 an hallaka dabbobi fiye da miliyan shida a Birtaniya, kuma tumakin Herdwick, waɗanda yawancinsu ke tattare a tsaunukan Cumbria da ke arewa maso yammacin Ingila, sun ji jiki ƙwarai. Ana adana maniyyin bijimai da raguna a daskare domin irin wannan rana, amma maniyyi ba ya haihuwa sai da mace, kuma dawo da iri bayan ya karye aiki ne mai tsawo. Tumakin Norfolk Horn sun nuna haka: da ragon ƙarshe mai tsantsar jini ya mutu a farkon shekarun 1970, sai da aka bi ta hanyar barbara da tumakin Suffolk, tsara bayan tsara, kafin a sake samun garke.

A ganina, nau'in da ya dogara da kuɗin ƙofa da tausayin kansiloli kaɗai yana kan siradi. Wanda ya tsira shi ne wanda ya samu aikin yi. Shanun Longhorn sun taɓa yin ƙaranci matuƙa, amma da mahauta da masu gidajen abinci suka gano ingancin namansu, sai manoma suka koma kiwonsu har suka fita daga jerin masu haɗari. Haka kuma ana sakin tsofaffin nau'o'i a filayen da aka keɓe domin kare tsirrai da tsuntsaye, saboda suna cin ciyawa mai kaushi da ƙananan itatuwa da shanun zamani ke ƙi. Mutane da yawa ba sa son jin cewa yanka yana cikin hanyoyin ceton iri, amma garken da ba a fitar da rarar mazansa kasuwa, ƙarshensa a daina barbara saboda rashin wuri, kuma daina barbarar ce ke kashe iri a hankali alhali gona tana buɗe.

Wannan batu bai tsaya ga Turai ba, domin shanun Kuri na tafkin Chadi, masu kumburarrun ƙahoni, suna raguwa saboda janyewar ruwa da cakuɗuwa da wasu shanu, kuma tashar Tukunus da ke Nijar, wadda ke riƙe da shanun Azawak, ita ma da kuɗin gwamnati take tafiya.

Idan hukumarku ta buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a kan gonar, kada ka tsaya kan batun rufewa kawai. Ka tambaya ko ana ci gaba da barbara, ko dabbobin suna da rajista a ƙungiyar masu kiwon nau'insu, da kuma ko akwai rubutacciyar yarjejeniya kan wanda zai karɓi garken da littafinsa idan an miƙa gonar ga wata ƙungiya ko kwaleji.