Amsa: Mota otomatik ta ƙi yin kik a P

Assalamu alaikum. Malam, ka ce Corolla ɗinka ta 2005 otomatik wani lokaci sai ka murɗa makulli, fitilun dashbod su kama tsaf amma kik ya yi shiru, batir kuma sabo ne, kuma rewaya ya ce a haɗa waya kai tsaye a huta. Kar ka yarda da wannan haɗin, kar kuma ka sayi kik tukuna.

Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Ja hambirki, taka birki, mai da giya N, ka murɗa makulli. In ta tashi a N alhali ta ƙi a P, to kik da batir sun fita daga zargi. Ko kuma ka riƙe makulli a wurin tayarwa, ɗaya hannun yana ɗan tura sandar giya gaba a cikin P. In ta kama, matsalar tana suwic ɗin giya ko kebur ɗinsa.

Wannan suwic yana jikin giyabos daga waje, daidai inda kebur ɗin giya ya ƙare. Aikinsa ya hana wuta isa ga kik sai giya tana P ko N. Shi ne kuma yake kunna wutar ribas, yake gaya wa burenbos, wato kwamfutar mota, giyar da aka saka. Don haka ka sa wani ya tsaya a baya ya duba ko wutar ribas tana kamawa. In an jona sikana, wato na'urar gano matsalar mota, lambar da ta fi fitowa ita ce P0705.

Ka saurari motar da kyau. Batir mai rauni ko kan batir mai datti yana sa kik ya riƙa ƙas-ƙas-ƙas, fitilu su dushe. Ƙas guda ɗaya mai ƙarfi yawanci kik ne. Shi kuwa suwic, kik ɗin shiru yake yi, fitilu na nan da haskensu. Rewaya ya ɗora mita a kan siririyar wayar da ke shiga kik, kai kuma ka murɗa makulli: in wuta wajen bolt 12 ta iso amma kik bai juya ba, a sauke kik. In ba ta iso ba, a duba fis da rile na kik, sannan suwic.

Sau da yawa suwic ɗin bai mutu ba, saitinsa ne ya goce. Akwai 'yar roba a bakin kebur ɗin giya. In ta cinye, sandar ciki tana nuna P amma hannun da ke jikin giyabos bai kai ƙarshe ba. Haka in an taɓa sauke giyabos aka mayar da suwic ba a saita shi ba. Sai ruwa: wankin inji da injin feshi, ko kutsawa cikin ambaliya da damina, yana sa bakin soket ya yi kore. A zare soket, a wanke da feshin wanke waya, a bari ya bushe. In ka ga jan man giya a jikin suwic, sil ɗin sandar da yake zaune a kai ne ke yoyo, kuma in ba a canza shi ba sabon suwic ma zai bi sahun tsohon.

Saitin ba wuya. A saka duwatsu a tayoyi, a ja hambirki, a mai da giya N. In hannu bai kai ba, sai a cire batir da mazauninsa. A sassauta ƙusoshi biyu da ke riƙe da suwic, ba sai an cire su ba. A Toyota akwai layi a jikin suwic da tsagi a kan sandar da yake zaune a kai. A juya suwic a hankali har su yi daidai, sannan a ɗaure ba da ƙarfi sosai ba. Bayan nan a gwada kowace giya, ƙafa a kan birki: dole ta tashi a P da N kaɗai, ta ƙi a R, D, 2 da L.

Maganar haɗa waya kuwa, motar za ta tashi, amma a kowace giya. Ranar da aka manta ta a D, ko yaron wanki ko na gareji ya miƙa hannu ta taga ya murɗa makulli, za ta zabura kan duk abin da ke gabanta. In dole sai an canza suwic, ka je da tsohon a hannunka, a gwada lambar jikinsa da yawan bakin soket, domin na Corolla da na Camry suna kama a ido amma ba lallai su shiga wa juna ba. In Beljiyam za ka saya, a auna shi da mita a P da N kafin ka biya.