Me ya sa FNDSTRPDM bai ga lambar da ke cikin fayil ba?

Tambaya: Maigida, na nemi lambar abokin ciniki 12345 a fayil ɗin AS/400 (kwamfutar IBM) da FNDSTRPDM, umarnin neman rubutu, ya ce babu, alhali ina ganinta a allon shirin. Ina matsalar take?

Amsa: Yaro, kafin ka nemi komai, fara buga DSPFFD, umarnin da ke nuna filayen fayil, a kan fayil ɗin, ka duba nau'in filin, wato gurbin da lambar ke zaune. Ina kyautata zaton za ka ga PACKED a gabansa, wato lamba ce dunƙulalliya. Irin wannan fili yana cusa lambobi biyu a bayit ɗaya, saboda haka 12345 tana kwance a bayit uku kacal, X'12345F', F ɗin ƙarshe alama ce ta cewa ba ta ƙasa da sifili. Kai kuma da ka rubuta 12345 a matsayin rubutu, abin da injin ya tafi nema shi ne F1F2F3F4F5, bayit biyar na EBCDIC, tsarin da injin ke adana haruffa da shi. Ba za su taɓa haɗuwa ba. Buɗe fayil ɗin da DSPPFM, umarnin da ke nuna abin da ke cikinsa, danna F10 don ganin bayit ɗin, ka gani da idonka.

FNDSTRPDM, ko zaɓi na 25 a PDM (allon aikin masu rubuta shiri), gwani ne wajen laluben kalma a fayilolin rubutun shiri. Sa MBR(*ALL) da PRTRCDS(*ALL), zai buga maka duk layin da ya samu. Amma shi bai san fili ba, jerin bayit kawai yake gani.

Ga bayanai kuwa, koma SQL, harshen tambayar rumbun bayanai. Lamba ka neme ta a matsayin lamba: WHERE LAMBA = 12345. Rubutu kuma WHERE UPPER(SUNA) LIKE '%AUDU%', inda % ke tsaya wa kowane irin haruffa. UPPER ɗin dole ne, don LIKE yana bambanta manya da ƙananan haruffa. Kada ka yar da % na ƙarshe ko da kalmar ce ƙarshen suna, domin filin CHAR ana cike ragowarsa da sarari, '%AUDU' zai dawo maka hannu rabbana.

Abu biyu ka kiyaye. SQL mamba na farko kaɗai yake karantawa, mamba kuwa sashe ne na bayanai a cikin fayil. In fayil ɗin na da mambobi da yawa, yi CREATE ALIAS ga wanda kake so, ko ka nuna shi da umarnin OVRDBF. Sannan % a farkon kalma yakan tilasta wa injin bin fayil layi-layi. A fayil mai miliyoyin layuka kada ka yi wannan da rana tsaka mutane na aiki, tura shi da SBMJOB ya gudana a baya.