Waya Ta Hana Ni Ɗinki

Tambaya: Assalamu alaikum, Kawu. Ni tela ne a Mabera, Sakkwato. Wanga abu ya ishe ni. In na ɗauki waya don duba samfurin wuyan riga, sai in farga ana kiran azahar ina TikTok, keke na tsaye. Daren Sallar da ta wuce wata uwa ta zo da ɗiyanta biyu, ta tafi da yadinsu a yanke, ba a ɗinke ba. Abokina ya ce ƙaddara ce, gwaggota ta ce sammu ne. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Labarin yaran nan ya taɓa ni, kuma na san ya taɓa ka, tunda ka rubuto.

Bari in tambaye ka. Azumin da ya faɗo a bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kana shago kai kaɗai, ga randa a gefe, maƙoshi ya bushe ƙamas. Wa ya riƙe hannunka daga moɗa? Babu kowa. Wannan ikon yana nan jikinka, bai tafi da watan Ramadan ba. Don haka ban karɓi zancen sammu ba, kuma imani da ƙaddara bai ɗauke wa bawa zaɓi ba. Wannan cizon da zuciyarka ke yi maka, shi ne nafsul lawwama da ta zo a Suratul Ƙiyama. Kada ka kashe ta da uzuri.

Sai dai ka san abokin kokawarka. An gina manhajar ne yadda bidiyo ba ya ƙarewa, tana lura da inda idonka ya daɗe, ta ƙaro maka irinsa. Muddin tana aljihunka, kullum za ku kara.

Ni da sigari muka yi tamu, shekara 14. Rantsuwa ba ta raba mu ba, sai da na sauya hanyar zuwa masallaci don kada in bi ta gaban mai tebur. Kai ma gobe da safe ka kai babbar wayar wurin mai caji, ka ce kada ya ba ka sai bayan la'asar. Ka riƙe 'yar ƙarama mai tocila saboda masu kaya. Samfurin kuwa, ka zana shi a takarda tun da dare.

Sannan ka nemi gidan uwar nan, ka ba ta haƙuri, ka karɓo yadin ka ɗinka kyauta. Bayan sati biyu ka sake rubuto mini.