Tambaya da Amsa: Yara Masu Koyon Kiɗa da Waƙa, Daga Tsakar Gida Zuwa Dandalin Unguwa

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata kan yaran da ke koyon kiɗa da waƙa, da yadda iyaye da malamai za su samar musu wurin nuna abin da suka koya. Mun zaɓi biyar, muka miƙa wa malaman kiɗa da masu shirya tarukan yara. Ga abin da suka ce.

TAMBAYA: Ina da yara 14 a ƙungiyar kiɗa da waƙa ta makarantarmu. Zangon da ya wuce mun gayyaci iyaye, amma magariba ta riske mu rabin yaran ba su fito ba, lasifika kuma sai ƙara take yi kamar ana yanka akuya. Yaya zan gyara wannan karon? Daga wani malamin firamare, Funtuwa.

AMSA: Malam, matsalarka ta farko lissafi ce. Kafin a idar da la'asar mutane su zauna, huɗu da rabi ta yi. Dole kuma a tashi aƙalla minti 20 kafin kiran magariba, don mata masu goyo da masu nisa su kai gida. Abin da ke hannunka bai wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba, a watannin Nuwamba da Disamba ma bai kai haka ba saboda rana na saurin faɗuwa. Kowane yaro in ka ba shi minti 3, ka ƙara minti 2 na fitowa da gyara makirufo da tafi, yara 14 sun cinye minti 70. Ka ga ba wurin jawabi ko ɗaya. A taronmu kuwa akwai shugaban taro, da uban taro, da uwar taro, da babban baƙo, kowa da "ba zan tsawaita ba" a bakinsa.

Saboda haka ka raba su rukuni huɗu, kowane rukuni minti 6, sannan ka ware uku ko huɗu da hannunsu ya fi faɗawa su yi su kaɗai. Ƙanana su fara, domin ɗan shekara shida ba ya jure zaman jira. Kafin a zo kansa ya gaji, ko ya ɓata kayansa, ko ya fashe da kuka. Jawabi guda ɗaya, minti 5, kuma bayan yara sun gama. In babban baƙo bai iso ba a fara, ya tarar.

Kwana biyu kafin taron a yi gwaji a wurin da za a yi, kuma a daidai lokacin da za a yi. A nan za ka gane inda rana take bugawa. Da yamma tana yamma, don haka in yara suka fuskanci yamma ba za su ga hannunka ba, in suka juya gabas iyaye ne za su sha ta a ido. A sa yara su fuskanci kudu ko arewa, ko a nemi inuwar aji.

Ƙarar lasifika kuwa dalilinta ɗaya ne: sautin da ya fito daga lasifika ya koma cikin makirufo, ya sake fita, ya sake komawa. Yawanci ana jera lasifikokin a bayan yara ne. A matso da su gaba, gefe da gefe, su wuce layin da masu waƙa suke tsaye, bakinsu na kallon jama'a. A koya wa yaro ya riƙe makirufo a ƙasa, tazarar yatsu huɗu daga bakinsa, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu irin na mawaƙan bidiyo, don hakan na jawo ƙarar. Kalangu da ganga ba sa buƙatar makirufo a taron mutum ɗari. Murya ce da kuntigi da sarewa suke buƙata. In ka tsaya kusa da mutum tazarar hannu guda sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, sautin ya kai wajen desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma ya yi wa kunnen yara yawa. A rage, kuma kada a shimfiɗa wa ƙanana tabarma a gindin lasifika. Janareta a kai shi aƙalla mita 6 daga jama'a, a fili, ta inda iska ke kwashe hayaƙin. Kada a kuskura a sa shi cikin aji a rufe don rage ƙararsa, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba.

In taron zai fita harabar makaranta, a sanar da mai unguwa, a kai takarda ofishin 'yan sanda mako guda kafin ranar. Sai batun liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Ban da doka ma, liƙi na katse yaro a tsakiyar waƙa, kuma ɗan mai kuɗi ya tafi da aljihu cike, wanda ya fi shi iyawa ya tafi hannu rabbana. A ajiye faifai ɗaya a gaba, abin da aka samu a sayi fata da makaɗi na ƙungiya.

TAMBAYA: Yarana uku, masu shekara 5 da 8 da 11, duk abin da suka samu sai sun kaɗa, har murfin tukunya. Ba ni da kuɗin sayen kayan kiɗa. Me za mu iya yi tare a gida lokacin hutu? Daga wata uwa, Damagaram.

AMSA: Hajiya, rabin kayan suna cikin madafinki. Fara da kiɗan ruwa. Zuba ruwa a babbar ƙwarya ko baho har kashi biyu cikin uku, ki kifa ƙaramar ƙwarya a kai ta yi iyo, a kaɗa bayanta da siraran sanduna biyu ko ludayi. In iska ta cika a ƙarƙashinta sautin ya fi kauri. In aka ɗan karkata ta iska ta fita, sai ta nutse kaɗan sautin ya tsuke. Ƙwaryar da ta tsage ko aka ɗinke ba ta yi, iska na zurarewa. Da irin waɗannan ƙore Barmani Coge ta yi suna har ta rasu a 2013, don haka kada a raina su. Ƙaramin a ba shi caki: ƙaramin gora ko robar ruwa, a zuba tsakuwa ko dawa cokali biyu, a toshe bakin da kyau don kada ya kai baki. In ta cika tsakuwa ba ta amo.

Babban zai iya haɗa kuntigi, amma da hannun babba a kusa. Shi ne kayan kiɗan Ɗan Maraya Jos, kuma gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tal. Ga hanya mai sauƙi ta gida. A wanke gwangwanin, a danne kaifin bakinsa da filaya. A huda shi ta gefe biyu na tsawonsa kusa da baki, a zura sanda mai kaurin babban yatsa, tsawonta kamar santimita 40, ta leƙo yatsa biyu ta ɗaya gefen. A samo ɗanyar fatar akuya wadda aka kankare gashinta, ba jemammiya ba, don jemammiyar fata laushi gare ta kuma ba ta amsa sauti. A jiƙa ta kwana guda, a ja ta a kan bakin gwangwanin tana jiƙe, a ɗinke ta ƙasa da zare mai ƙarfi. A bar ta ta bushe a inuwa kwana biyu. Masu gaggawa sukan shanya a rana, fatar ta ja da ƙarfi ta lanƙwasa gwangwanin ko ta yage wajen ɗinki. Tsirkiya a yi da zaren kamun kifi na roba, a ɗaura a ƙarshen da ya leƙo, a ja zuwa saman sanda. Sai jaki, wato ɗan guntun icen da ke ɗaga tsirkiya a kan fata. In ya yi tsawo yatsan yaro zai sha wuya wajen dannawa, in ya gajarce tsirkiya ta dinga gogar fata tana zuzu.

Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne a saurare su. Ki tsayar da dare ɗaya a mako, bayan isha'i, minti 20 kacal, kowa ya zauna har maigida. Ɗaya ya bayar, sauran su amsa da tafi, a juya. Waƙoƙin gaɗa da na dandali da kika tashi da su sun isa, gajeru ne kuma amshinsu na kama kunne. Kada a gyara wa yaro kuskure a wannan daren, a bari sai gobe. Sauran kwanakin minti 15 kullum ya fi awa biyu rana guda.

Ku kuma kuna da fada a gari. Ranar hawan salla ki kai su inda za su ga masu algaita da kakaki kusa, amma ba a bakin kakakin ba. Ki ce wa babban ya lura da kumatun mai algaita: yana shaƙar iska ta hanci yana tura wadda ya tara a kumatu, shi ya sa busar ba ta yankewa. In hanya ta kai ku Yamai, cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya tana da tarin kayan kiɗan gargajiya da yara za su gani.

TAMBAYA: Na saya wa ɗana kalangu. Da damina ta kama sautinsa ya mutu, sai ya gasa shi a kan risho, fatar ta fashe. Laifin mai haɗawa ne? Daga wani uba, Kaduna.

AMSA: A'a, Alhaji. Fata na shan laimar iska ta saki, shi ya sa kalangu ke yin bif-bif a watan Agusta. Makaɗa na ɗumama shi, amma da rana ko can nesa da garwashi, suna juyawa suna taɓawa da hannu. In tafin hannunka bai jure zafin wurin ba, fatar ma ba za ta jure ba. Ta kalangu siririya ce ƙwarai. Minti 10 a hantsi ya isa. Da hunturu kuma akasin haka ne, fata da tsirkiya su bushe su yi ƙarfi, yaro ya matse da hammata da ƙarfin tsiya sai tsirkiya ta tsinke. A rataye shi a ɗaki cikin jakar yadi, ba leda ba, don leda na tara gumi ta kawo fumfuna. Kada a ajiye shi a ƙasa, ɓera na son fata. A duba kan makaɗin ma, in ya yi kaushi a goge shi, yana cin fata a hankali. Jikin icen bai lalace ba, ka kai wa masu ɗaurin ganga su sake fata, kuma gara a sake duka fuskoki biyu don sautinsu ya zo ɗaya.

TAMBAYA: Ƙannena da abokansu suna son yin tashe bana, ni aka ɗora wa kula da su. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi, Katsina.

AMSA: Ɗan'uwa, ka fara da tambayar ko an yarda a yi a garinku bana. A Kano an sha samun shekarun da 'yan sanda suka hana tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. In an yarda, al'ada ita ce a fara in azumi ya kai goma, don haka kuna da kwana goman farko na gwaji. Rukuni kada ya wuce yara 8, kai kana biye da su da tocila, a layinku da na kusa kawai, gidajen da aka san iyayensu. A fita bayan shan ruwa, a bar kusa da masallaci lokacin tarawihi, a dawo kafin tara da rabi. Wasa biyu da aka iya sosai sun fi shida da ake kame-kame. Gemun auduga yana kama wuta kamar fetur, a nisanta shi da murhu da fitilar mai tuyar ƙosai. Fuska a shafa alli ko farar ƙasa. Baƙin garin da ke cikin batir guba ne, kada a taɓa shi. Abin da aka samu mutum ɗaya ya riƙe, a ƙirga a gaban kowa duk dare, don yawancin faɗan 'yan tashe a kan rabo yake tashi. In an hana yawo, ku nemi gida mai faɗin tsakar gida, a gayyato maƙwabta su zo su kalla a wuri ɗaya.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 13 shi ke bayar da waƙa a Islamiyyarsu, ga walimar sauka nan da wata biyu, amma muryarsa ta fara karyewa. Malaminsu ya ce ya sha zuma da citta ya ci gaba. Haka ne? Daga wata uwa, Gusau.

AMSA: Malama, wannan ba mura ba ce, girma ne. Maƙogwaronsa ne ke faɗaɗa, murya na sauka, kuma yakan ɗauki watanni, wani har fiye da shekara. Zuma na sanyaya maƙogwaro amma ba ta mayar da muryar da ta wuce. In aka tilasta masa kai inda yake kaiwa da, zai dinga matsa wuya har ya dishe, kuma in ta karye masa a gaban jama'a kunyar na iya raba shi da waƙa gaba ɗaya. Ki roƙi malamin, cikin ladabi, ya sauke waƙar zuwa inda yaron ke rerawa ba tare da jijiyar wuyansa ta tashi ba. In sauran yaran ba za su iya amsawa a nan ba, a ba wani ƙarami bayarwa, shi a ba shi baiti ɗaya ko biyu masu sauƙi, ko ya riƙe mandiri in makarantar na amfani da shi. Gwaji kada ya wuce minti 20 a zama ɗaya, ya yawaita shan ruwa, ya rage ihu a filin ƙwallo. In dishewa ta wuce mako uku ba ta sake shi ba, a kai shi asibiti ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro.