Inji ya cinye hannun ƙanenka a wajen haƙar mai: kada ya sa hannu a wannan takardar tukuna

Malam, na karanta saƙonka kuma wallahi abin ya taɓa ni, Allah ya ba ƙanenka lafiya ya sa kaffara ce. Kamar yadda ka rubuto, yaron yana aiki da wani kamfanin kwangila a wajen haƙar mai can Fatakwal, injin da ke murɗa bututu ya kama hannunshi na dama lokacin da suke kwance bututun, likitoci sunka yanke daga wuyan hannu, yanzu ya dawo gida Sakkwato kuma kamfanin ya aiko da wasu kuɗi da takarda wai ya sa hannu shi ke nan an rufe magana.

Kada ya sa hannu tukuna. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi da ubangidanshi ta yafe diyyar da doka ta ba shi, banza ce. Amma takarda irin wannan tana iya kawo cikas in an je kotu, to gara lauya ya gan ta kafin komai.

Hukumar NSITF ita ce ke riƙe da asusun diyyar, kowane kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatanshi, kuma haramun ne a cire wannan daga albashin yaro. Ko da an ce mishi ai kai ɗan kwantiragi ne ko na wucin gadi, dokar ta haɗa da shi, kada su ruɗe ku da wannan. A wannan hanyar ba sai ya nuna laifin kowa ba, ya isa a ce a bakin aiki abin ya faru. NSITF tana biyan kashi 90 cikin 100 na abin da nakasar ta rage mishi na samu, ga kuɗin magani, har hannun roba dokar ta ambata.

Lokaci fa shi ne abin da nake jin tsoro. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da kamfani, kamfani kuma kwana 7 ya sanar da NSITF, neman diyyar kuma cikin shekara 1, sai da dalili mai ƙarfi ake ɗagawa zuwa shekara 3. Ku je ofishin NSITF da kanku ku tambaya ko an kai rahoton, kada ku dogara da "mun kai" ta waya.

Ga inda nake so ka natsu sosai. A wajen haƙar mai kamfanoni da yawa ke aiki wuri guda, mai rijiyar daban, mai injin daban, wanda ya ɗauki yaron daban. In sakacin na wani kamfani ne ba ubangidanshi ba, misali an cire murfin kariya na injin ko wani ya kunna shi alhali ana gyara ba a kulle ba, to yana iya yiwuwa ya samu zaɓi: ko diyyar NSITF ko ya kai ƙarar wancan kamfanin, kuma in diyyar zai ɗauka doka ta ba shi wata 6. Ƙara tana iya kawo kuɗi mafi yawa amma tana jan lokaci kuma dole a kawo hujja. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke jin irin waɗannan shari'o'i, kuma galibi a inda abin ya faru ake shigarwa.

Don haka tun yau ku tattara katin aikinshi, takardar albashi ko alat na banki, hotunan hannun, takardun asibitin da anka yi tiyatar, da lambobin abokan aikin da sunka ga abin da idonsu, don su ma yau suna nan gobe an sallame su. Ya je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo likitan ƙashi ya rubuta rahoton girman nakasar.

Na san dattawa za su ce ƙaddara ce a yi haƙuri, gaskiya ne, amma yaron nan yana da iyali kuma da wannan hannun yake ci da su, neman haƙƙinshi bai saɓa wa tawakkali ba. Ka kai takardar nan wajen lauya cikin wannan satin, ka tafi da ainihin ranar da abin ya faru a rubuce.