Biza ta fito, saura sauka

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, biza ma ta fito, saura sati biyar a fara karatu. Ban taɓa hawa jirgi ba, kuma ba ni da kowa a can. 'Yan gidanmu kowa da abin da yake cewa in zuba a akwati, har na rikice. Yayana kuma cewa yake in tafi cikin satin nan in saba da gari. Ta ina zan fara?
Ƙanwarki, mai shirin tafiya

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka. Ki ba yayanki haƙuri, satin nan ba zai yiwu ba. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba a barinsa ya shiga Amurka sai ya rage kwana 30 ko ƙasa da haka kafin ranar fara karatu da aka rubuta a takardar I-20, wato takardar da makaranta ke ba ɗalibi ya nemi biza da ita. Sati biyar kwana 35 ne, ki ƙirga da kyau kafin ki yanki tikiti. Ni da zan zaɓa miki, sai in ce ki sauka saura kwana goma.

Batun akwati kuwa, bar su su yi ta cikawa, in dai bai wuce kilo 23 da yawancin jirage ke yarda da shi ba. Ke jakar hannunki za ki sa wa ido. Lokacin da na yi irin wannan tafiya, sai na bi takarduna na jera su tsaf a ƙasan babban akwati, wai don kada su lanƙwashe. Ina isa gaban jami'in shige da fice ya miƙo hannu, ni kuwa daga ni sai fasfo. Ashe sai an wuce shi ake ɗaukar kaya. Aka kai ni wani ɗaki mai kujeru a jere, na yi zaman awa biyu ina kallon agogon bango, kafin su tabbatar da ni a kwamfuta. Akwatin ma bai biyo jirgin ba, sai bayan kwana huɗu ya iso.

Saboda haka fasfo, da I-20 wadda kika sa wa hannu, da rasit ɗin dala 350 na SEVIS (kuɗin rajistar ɗaliban ƙasashen waje a wajen gwamnatin Amurka), da takardar ba ki gurbi, da shaidar kuɗin da za ki riƙe kanki, da takardar rigakafi, duk su zauna a jikinki. Ki buga su a takarda, kada ki dogara da waya, don caji kan ƙare a daidai lokacin da ake nemansa. Ki ƙara da kaya kala biyu da rigar sanyi, da maganinki a cikin kwalinsa tare da takardar likita. Adireshin inda za ki kwana da lambar ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ki rubuta su da biro.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Jami'in shige da ficen nan shi ke da ikon cewa ki shiga. Tambayoyinsa ba su da wuya: wace makaranta, me za ki karanta, wa zai biya. Ki amsa a taƙaice, daidai da abin da ke takardunki, ban da dogon labari. In an ce ki koma gefe don ƙarin bincike, kada cikinki ya ɗuri ruwa, ana yi wa ɗalibai haka kullum.

A filin jirgin da kika fara sauka a cikin Amurka galibi ake yin duk wannan, ko da akwai wani jirgin da zai ƙarasa da ke. A nan kuma galibi za ki ɗauki akwatinki ki bi ta kwastan, ki sake miƙa shi. Tikitin da ya ba ki awa ɗaya tsakanin jirage biyu, komai arharsa, ki ƙyale shi. Nemi mai awa uku. A kwastan ki faɗi duk wani abin ci da ke kayanki. Nama da ɗanyun 'ya'yan itace sukan ƙwace, amma ɓoyewar ce ke jawo tara. Kuɗi ma in sun haura dala 10,000 dole a bayyana, ko da yake ban ga dalilin ɗaukar haka ba. Kamar ɗari uku a ƙananan takardu sun ishe ki kafin ki buɗe asusu.

Sai daren farko, wanda shi aka fi mantawa. Rubuta wa makarantar tun yau: akwai motar da ke ɗaukar sabbin ɗalibai? Yaushe ɗakunan kwana ke buɗewa? In jirgina ya sauka da tsakar dare, wa zai ba ni makulli? Ɗaki a can sau da yawa gado ne da katifa tsura, don haka zanin gado ɗaya ya shiga kayanki. In kuma a gari za ki zauna, kada ki tura wa kowa kuɗin haya a kan hoto kawai. Gara ki kama masaukin sati ɗaya, ki je ki gani da idonki.

Washegari, ko barci bai sake ki ba, ki duba takardar I-94 ɗinki, wato shaidar shigarki ƙasar, a intanet ki ga an rubuta sunanki da F-1 daidai, sannan ki kai kanki ofishin ɗaliban ƙasashen waje su shigar da isowarki. Daga nan sai layin waya, ki kira Mama, don na san tun da jirginki ya tashi ba ta runtsa ba.