Tambayi likita: miƙar jiki a hankali irin ta yoga tana warware ƙagewar baya?

Tambaya: Salam likita, ni tela ne a Gangare, tun safe nake kan keke har isha'i. Bayana yana ƙagewa musamman da asuba yanzu da sanyin nan ya sauko. Na ga wasu a YouTube suna wata yoga ta zama, su lanƙwasa su tsaya shiru mintuna, wai tana narkar da wani tantani da ya daskare a jiki. Da gaske ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam tela. Toh tantanin dai akwai shi, idan ka taɓa tsayawa wajen mahauci ka ga farin abin nan mai santsi da yake ɗayewa daga jikin tsoka, shi ne, kuma irinsa ne a jikinmu, ya naɗe tsoka da ƙashi da jijiyoyi da kayan ciki. A asibiti fashiya muke ce masa. Yawancinsa ruwa ne da zaren kolajin, wato wani furotin mai ƙarfi, kuma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa akwai wani ruwa mai yauƙi da ke sa su zame kan juna in ka motsa. Yana da jijiyoyin jin zafi, shi ya sa shi kansa yana iya ciwo. Da can ba a damu da shi ba sosai, sai 2007 aka yi babban taron duniya na farko a kansa a Boston ta Amurka. A 2011 wata likita mai suna Helene Langevin da abokan aikinta suka duba bayan mutane da na'urar sikanin, suka ga masu daɗaɗɗen ciwon baya tantanin kwankwasonsu zamewarsa ta gaza ta masu lafiya da kusan kashi 20 cikin 100.

Abin da ka gani ana ce masa "Yin yoga" (Yin ɗin sunan salon ne, ba "yin" na Hausa ba), ana zama ko kwanciya a riƙe miƙa ɗaya minti 3 zuwa 5 ba tare da ƙoƙawa ba. Amma maganar narkewa wallahi zuzutawa ce ta masu neman mabiya, tantanin nan yana da tauri sosai, minti biyar ba zai narkar da shi ba. Abin da ke faruwa shi ne tsoka tana saki, shimfiɗun suna samun motsi, sannan jijiyoyinka suna sabawa da miƙar har su daina ƙararrawa da wuri, shi ya sa bayan makonni zaka ga kana kaiwa inda da baka kaiwa. Wannan amfani ne na gaske, ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ma a 2017 ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa a daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga ƙwaya.

Kada ka yi miƙar jikinka bai ɗumama ba, Jos ɗin nan a Disamba da Janairu ka san yadda take, fara ɗan tattaki na minti 5 ko wanka da ruwan ɗumi. Ka kwanta rigingine a tabarma ka jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, bayan nan ka kwantar da su gefe ɗaya sannan ɗaya gefen, sai ka zauna ka haɗa tafin ƙafa biyu ka ɗan sunkuya da filo a gabanka. Fara da minti 1 kowanne kana numfashi a hankali. Jin ja ba laifi, amma zafi mai suka ko wanda ke harbawa zuwa ƙafa to tsaya nan take. In ka gama ka tashi sannu. Kuma gaskiya abin da zai fi maka duk wannan shi ne ka riƙa sauka daga kan keken kowane rabin awa ko da zagaya shago ne, ko ana gobe salla.

Tambaya: Likita yogar nan ba addinin Indiyawa bane?

Amsa: Asalinta Indiya ne kuma tana da alaƙa da ibadarsu, wannan ba ɓoyayye bane. Hukunci na malamai ne, ni abin da na kwatanta miƙar tsoka ce da numfashi, irin wadda masu gashin ƙashi ke koyarwa a asibiti.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Bukuru, shekarata 48. In na sauko daga gado takun farko kamar na taka ƙusa a diddige, in na ɗan yi tafiya sai ya lafa.

Amsa: Hajiya wannan bayanin naki ya yi kama da ciwon tantanin tafin ƙafa, wani tantani ne mai kauri da ya taso daga diddige zuwa gindin yatsu, tsayuwa mai yawa da ƙiba da silifas marar tudu duk suna tayar da shi. Nan kam miƙa na aiki sosai. Kafin ki taka ƙasa da safe ki ɗora ƙafar kan ɗaya gwiwar ki ja yatsun zuwa sama ki riƙe daƙiƙa 10, ki yi sau 10. Da rana ki dafa bango ki miƙe sharaɓa na rabin minti. Ki daina yawo ba takalmi a kan tayil. Yana ɗaukar watanni fa, kada ki yi sati biyu ki ce bai yi ba, kuma dan Allah kar ki yarda a yi miki allura a diddige a kemis. In kina da ciwon suga ki zo a duba ƙafar tukuna.

Tambaya: Ina da sikila, ƙuguna na dama yana min ciwo, matata kuma tana da ciki wata 6. Zamu iya yi tare?

Amsa: Kai dai ka dakata ɗan'uwa. Ciwon ƙugu a mai sikila sai an tabbatar ba kan ƙashin cinya bane ya rasa jini, wannan hoto yake so, miƙa mai zurfi bata gyara shi. Ita kuma uwargida ciki yana sa gaɓoɓi su saki da kansu, saboda haka ta yi kaɗan-kaɗan, kar ta kai ƙarshen miƙa, kar ta daɗe kwance rigingine, kuma ta faɗa a wajen awo. Tunda mun zo nan, masu hawan jinin ido su guji duk salon da kai ke komawa ƙasa, tsofaffi masu raunin ƙashi kuma banda sunkuyo mai ƙarfi.

Tambaya: Mahaifina shekararsa 67, bayansa na ciwo wata 3, da dare ya fi tsanani, ya rame, yanzu ƙafarsa ta fara mutuwa. Wace miƙa zamu koya masa?

Amsa: Ko ɗaya. Ciwon baya mai hana barci da rama da mutuwar ƙafa a wannan shekarun muna tunanin tibin ƙashin baya ko ciwon daji ko jijiya da ta danne. Ku kai Baba asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibitin Plateau Specialist cikin satin nan, kada a biya wajen mai ɗori ko tausa. In kuma fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce masa, ko ya daina jin tsakanin cinyoyinsa, a ranar za ku kai shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.